Kurmin da Na Soke

Litinin, 25 ga Satumba

Solvej ta bugo waya da hantsi. 'Yar ƙanena ce, amma maganar uwarta ta ɗauko, ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tashin jariri. Sau biyu ina ce mata ta buɗe baki. Za su zo ita da mijinta Troels ranar goma sha uku ga watan gobe, kwana uku kacal, ziyarar shan ruwan tsuntsaye. Tana so in rubuta musu wuraren da za su tsaya su ga tsuntsaye masu ƙaura.

"Gwaggo, intanet cike yake da shawarwari, amma taki nake so."

To da wa za ta tambaya? Shekara talatin da shida ina ƙidayar tsuntsayen kaka a gaɓar Nørhage, ashirin da tara tare da mijina marigayi Aksel, bakwai ni kaɗai. Na san bakin tekun nan kamar yunwar cikina. Kwana uku ya ishi mai hankali, in dai ya bi abin da na ce.

Troels kuwa bai san bambancin dinya da agwagwa ba. Zai riƙe mana kofi.

Talata, 26 ga Satumba

Na rubuta musu takardar da hannuna.

Farko gindin hasumiyar fitilar jiragen ruwa, kafin rana ta fito, ba bayan an karya an yi miƙa ba. In iska daga yamma take, su raɓe a bayan tsohon ginin simintin nan na zamanin yaƙi su fuskanci teku. Duk abin da ke gangarawa kudu ta nan yake bi, kusa har ka ga idonsa. Sai ganuwar teku, awa biyu kafin ruwa ya cika, lokacin da yake koro masu dogon baki zuwa bakin laka. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan: kada su hau kan ganuwar. Su kwanta a gefe su leƙa da kai kawai. Bara wani ɗan birni ya miƙe a kanta da jar riga, ya tashi dinya dubu huɗu ina tsakiyar ƙirga. Har ya bar garin ban amsa gaisuwarsa ba. Na uku tafkin bayan tudun yashi, da la'asar, rana a bayansu. Akwai zalɓe, gaggafa ma tana leƙowa in ta ga dama.

Hannuna ya rubuta na huɗu da kansa: kurmin bayan coci. Sabo. Na soke shi, na rubuta a gefe, "Kada ku ɓata lokaci, babu komai yanzu."

Da can shi ne na farko a duk takardar da na ba baƙo. In iskar gabas ta kwana tana busawa, ka shiga da asuba ka tarar da bishiyoyin nan masu ganye kamar allura cike da sarkin tsuntsaye, ɗan mitsitsin nan mai zanen rawaya a ka, wanda nauyinsa bai fi na takardar wasiƙa ba amma yake ƙetare teku. Aksel ne ya koya min: a fili da ido ake ƙirga, a kurmi da kunne, don ba sa yarda su fito daga cikin ganye. Ka sa madubin hange a jaka, ka sunkuyar da kai, ka bi 'yar hanyar ta minti ashirin, duk kuka ɗaya ka ja layi ɗaya a littafi. Haka nake yi har yau, ko taki ɗaya ban sauya ba. Shekara huɗu ke nan sifili nake rubutawa.

Alhamis, 28 ga Satumba

Na je sayen burodi, Birthe mai shago ta tsare ni da magana. Ita ce shugabar kwamitin gari bana, kuma ta daɗe tana son a sare kurmin a yi wurin ajiye motoci, don baƙin lokacin zafi suna toshe mata ƙofar shago. A watan Agusta ta roƙe ni in rubuta wa kwamiti ko har yanzu tsuntsaye na amfana da wurin. Na rubuta abin da ke cikin littafi: shekara huɗu, babu. Yanzu an sa ranar ƙuri'a, Alhamis goma sha tara ga Oktoba. In an yarda, masu zarto su zo ran Litinin mai biye.

"Wasiƙarki ta rufe bakin kowa, Tove," in ji ta, har da ƙara min ɗan burodi mai naɗin kirfa guda kyauta.

Ba zan ce na ji daɗi ba. A kurmin nan Aksel ya fara riƙe hannuna, wai kada in yi tuntuɓe, a hanyar da ko tsakuwa babu. Amma ba zan yi wa littafi ƙarya don tsohuwar soyayya ba. Abin da ya sa ake jin maganata a garin nan ke nan.

Asabar, 30 ga Satumba

Sabuwar butar shayin nan ba ta busa. A shago an ce min mai busa ce. Sau biyu ke nan ruwa na ƙonewa. Kayan zamani.

Talata, 3 ga Oktoba

Ina shanya Vagn ya leƙo ta kan shinge. Shekara arba'in muna maƙwabtaka, ya ajiye kamun kifi amma bai ajiye baki ba. Malama yake ce min tun ina koyarwa a makarantar gari, don tsokana.

"Malama, an ce kin sa hannu a sare kurmi."

"Lamba ce ta sa hannu, ba ni ba."

"Ni fa jiya na ji su. Sarakunan. Biyar ko shida."

"Ka ji su kamar yadda ka ga farar mujiya?"

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya buga wa rabin gari waya wai ga farar mujiyar ƙasar ƙanƙara a kan shingen gona. Mutane suka zo har daga birnin Esbjerg da manyan madubai, aka tarar jakar leda ce ta maƙale. Tun ranar, ko cewa ya yi gari ya waye sai an leƙa taga.

Ya yi wani gunaguni ya juya. Ban kama abin da ya ce ba. Mutane sun koma cin magana a zamanin nan, babba da yaro.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Dinya dubu uku da ɗari biyu. Gaggafa biyu, ɗaya ta bana. Kurmi: sifili.

Gyare ma sun ƙare a tudun yashi, na lura tun shekara uku da suka wuce. Duniya tana ta yin shiru, ba wanda ya damu sai ni.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na shanya barguna, na sayo kifi. Masu hasashen yanayi sun ce iskar yamma ran Juma'a da Asabar, wadda takardata ke so ke nan. Daren Asabar ta juya gabas da yayyafi. Da a da ne, da na kwana da takalmi a bakin gado.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Sun iso ƙarfe huɗu. Sai da suka zagayo ta bayan gida suka ƙwanƙwasa tagar kicin. Solvej ta ce sun fi minti biyar suna danna ƙararrawa. Na ce ta lalace. Troels ya fita ya danna, ya dawo ya ce lafiyarta ƙalau. Na ce to tana aiki ne in ta ga baƙo.

Ya zo da sababbin takalma farare fat, don shiga laka. Gobe laka za ta yi masa bayani.

Soyayyen kifi da dankali. Solvej ta ci ta ƙara, kamar ubanta. Na ji daɗin ganin kujeru uku a tebur, ba zan ɓoye ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Yau na nuna musu abin da ake kira sani.

Ƙarfe bakwai saura muna gindin hasumiya, iska na dukan simintin ta wuce ta kanmu. Rana na fitowa aka fara jerin gwano a kan ruwa, baƙaƙen agwagi layi-layi, sai manyan fararen nan masu naɗe fiffike su faɗa teku daga sama. Na ce wa Troels ya daina neman su a madubi, ya bar su su shigo masa. Cikin rabin awa ya fara kiran suna, rabi daidai.

Ƙarfe goma sha ɗaya muka kwanta a gefen ganuwa. Ruwa na tahowa, laka na ƙanƙancewa, masu dogon baki na matsowa har muna ganin ɗigon ruwa a bakinsu. Na dubi agogo na ce, "Ku dubi arewa, yanzu za ta zo." Minti huɗu, sai ga gaggafa. Filin gaba ɗaya ya tashi sama, dinya da komai, rana ta dusashe. Solvej ta damƙe hannuna.

"Gwaggo, sai ka ce kin yi alkawari da ita."

"Ba alkawari, jadawalin cikar ruwa ne da shekara talatin da shida."

Muka ci baƙin burodi da kifi mai tsami a cikin mota. Takalman Troels sun koma launin ƙasa, shi ko a jikinsa.

A hanyar dawowa daga tafki muka wuce coci. Solvej ta ciro takardar ta nuna layin da na soke, ta ce tana tuna ina kai ta wurin tana ƙarama. Na ce ya mutu. Ban gaya mata zancen wasiƙa da ƙuri'a ba, me zai ƙara mata.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Zan rubuta yadda ya faru, a jere, don ba na son in gyara shi gobe.

Gwiwata ta hana ni fita da asuba. Iska ta juya gabas kamar yadda aka ce. Suka tafi hasumiya su biyu, ƙarfe tara suka dawo a jiƙe. Ruwa ya tsananta musu a hanya, suka fake a kurmin, duk da na soke shi.

Troels yana cire takalmi ya ce, "Gwaggo, mene ne ɗan abin nan da ya cika kurmin can da tsiwa? Sii-sii-sii, kamar keken da ke son mai."

"Iska ce a cikin allura."

"A'a, mai rai ne. Na ɗauka a waya ma."

Ya ajiye wayar a tsakanin kofuna ya danna. Na ji ruwa na sauka a kan hular rigarsa. Na ji numfashinsa. Shi ke nan. Na buɗe baki zan ce kun gani, ba komai, sai na ga su biyun sun karkata kai lokaci ɗaya, gefe ɗaya. Solvej ta yi murmushi ta ce, "Ga shi nan kuma." Suka sake karkatawa.

Ni kuma ina ta kallon wayar.

Na ce a miƙo min rigata.

Da muka shiga kurmin na sunkuyar da kai kamar kullum. Ɗigon ruwa, takun ƙafarmu, hankaka can nesa. Shirun da na sani shekara huɗu. Troels yana ta waiwaye hagu da dama kamar wanda ake kira ta ko'ina. Sai na yi abin da ban taɓa yi a wurin nan ba tun ranar da Aksel ya koya min: na buɗe jaka na ciro madubi.

Bishiyar farko, bakwai. Ta biyu, sha ɗaya. Suna lilo a ƙarshen rassa, a gajiye, sun kwana a kan teku. Ɗaya ya sauko reshen da ke daidai fuskata, da na miƙa hannu da na taɓa shi. Ina ganin zanen kansa. Ina ganin bakinsa yana buɗewa yana rufewa, ɗan maƙogwaronsa na rawa. Ba abin da ya iso gare ni.

Na kai arba'in da ɗaya, ban ko yi rabin hanya ba, madubin ya yi hazo na daina.

"Gwaggo," in ji Solvej.

"Ki bari."

Ba ta bari ba, jinin gidanmu ce. Ta zagayo gabana don in ga bakinta, ta ce, "Baba ma haka ya fara. Masu siririyar murya ne ke fara tafiya." Sai a lokacin na gane tun shekaranjiya take zagayowa gabana in za ta yi magana.

Troels, bawan Allah, sai ba da haƙuri yake yi. Na ce ya daina, shi kaɗai ne ya yi ƙidayar kirki a kurmin nan cikin shekara huɗu.

Sun tafi ƙarfe uku. Na ƙulla musu busasshen kifi. Na tsaya a ƙofa na ɗaga hannu yadda ya kamata.

Tsoro nake ji. Na rubuta, ga shi nan.

Litinin, 16 ga Oktoba

Ban fita ba.

Talata, 17 ga Oktoba

Na ɗora butar na tsaya a kanta. Da ta tafasa tururi ya riƙa fita ta ɗan ramin da ƙarfi. Na ɗora yatsa a marfin, yana karkarwa. Ashe tana busa.

Na ɗauki sauran kek na shiga gidan Vagn. Rabona da shiga tun jana'izar matarsa. Yana gyaran wata tsohuwar koma da ba zai ƙara jefawa ba.

"Butarki kullum sai ta tashi unguwa," ya ce. "Na ɗauka son kiɗan kike yi."

Na gaya masa arba'in da ɗaya. Bai yi dariya ba, da ma ya yi.

"Sau uku na gaya miki cikin shekara huɗun nan."

"To me ya hana ka dagewa?"

"Mai jakar leda ya dage a gaban Malama?"

Wannan ta shige ni. Na yanka masa kek don in sami abin yi da hannuna. Can ya ce ba sai na ce komai ba ran Alhamis, shi zai tashi ya faɗa. Na ce dariya za su yi masa. Ya ce ya saba.

Laraba, 18 ga Oktoba

Na sauko da littattafan duka, talatin da shida, na jera a tebur. Rubutun Aksel ƙanana a karkace, nawa a tsaye.

Ga yadda abin yake. Solvej ba ta san da wasiƙar ba. Vagn ba mai yarda da shi. In na yi shiru gobe, ran Litinin zarto zai shiga kurmi, sunana kuma ya zauna daram yadda yake, har a rubuta a jarida ranar da na mutu cewa ba ta taɓa kuskuren lamba ba. In na yi magana, duk abin da ke cikin littattafan nan za a fara yi masa kallon gefen ido, har da na Aksel da bai ji ba bai gani ba.

Na daɗe a zaune. Ba zan ce shirun bai yi min kwarkwasa ba.

Amma baɗi iskar gabas za ta sake busawa. Za su kwana a kan teku su iso da asuba, su tarar da layukan ajiye motoci.

Na goge baƙar rigata.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Ƙarfe biyar a ɗakin taro. Mutum ashirin da biyar, sun fi yadda na so. Aka yi waƙar buɗe taro kamar kullum, aka zuba kofi. Birthe ta miƙe ta karanta wasiƙata daga farko har ƙarshe. Jin maganata a bakin wani, da duk tabbacin nan nata, ya fi komai zafi. Lallai na iya rubutu.

Na ga Vagn yana dafa kujera zai tashi, na riga shi.

Na ce, "Wasiƙar nan tawa ce, kuma ba daidai ba ce. Ranar Lahadi na ƙirga arba'in da ɗaya da idona, ban kai rabin hanya ba. Tsuntsayen ba su je ko'ina ba. Kunnena ne ya daina jin su, shekara huɗu, ni kuma na rubuta muku babu."

Muryata ba ta yi rawa ba. Shekara talatin a gaban aji ba wasa ba ne.

Birthe ta ajiye takardar. "Haba Tove. Mun riga mun gama magana da masu zarto. Ke fa kika ce."

"Ni na ce, ni kuma na zo in janye."

Wani ya yi magana a baya, aka yi 'yar dariya. Na juya na ce wanda ya yi magana ya tashi ya maimaita da ƙarfi, ai abin da ya kawo ni ke nan. Makanikin tashar jirgin ruwa ne, wanda na koya wa karatu da ƙyar. Ya miƙe kunnensa jawur.

"Cewa na yi, to su dinya dubu huɗun ma wa ya sani."

Abin da na ji tsoro ke nan, ga shi ya zo tun ba a je ko'ina ba. Na ce dinya da ido ake ƙirga ta, ya same ni a ganuwa gobe ƙarfe bakwai in nuna masa, ya sa riga mai kauri.

Aka yi ta ja-in-ja kusan awa, rabi ban kama ba. Da aka ɗaga hannu, sha huɗu da sha ɗaya: a bar kurmin har a sake ƙidaya baɗi da kaka. Birthe ta sa sharaɗi ɗaya, kada ni in yi ƙidayar. Ban yi musu ba. Da ni ce a kujerarta haka zan ce.

Ta tambaya to wa zai yi. Kowa ya dubi kofinsa. Na ce Vagn.

Dariya ta tashi, wannan kam na ji ta. Wani har da kumbura kumatu yana kwaikwayon leda a iska. Na jira suka gama, kamar yadda nake jiran 'yan aji shida. Na ce shekara huɗu shi kaɗai ke faɗin gaskiya a kan kurmin nan, ni na fi kowa yi masa dariya, ni kuma zan fara dainawa. Aka rubuta sunansa.

Shi ko kallona bai yi ba. Yana ta juya cokali a kofin da ba komai.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Makaniki bai zo ba. Dinya dubu uku da ɗari bakwai.

Na sayi burodi. Yau ba naɗin kirfa.

Litinin, 23 ga Oktoba

Yau ne da masu zarto za su zo.

Jiya na bi littattafan shekara huɗu da fensir. Duk inda na sa sifili a layin kurmi, na rubuta a gefe, "ban ji ba." Wuri ɗari da goma sha biyu. Na sake wa Solvej takarda don baɗi, kurmin a farko, da asuba bayan iskar gabas. Na kuma karɓi ranar ganin likitan kunne a Esbjerg, don dai Solvej ta daina damuna da waya. Ba wai na kurumce ba ne. Dinya ina jin ta sarai, Birthe ma haka.

Ƙarfe bakwai da rabi Vagn yana bakin ƙofa, ya taje gashi. Ya ce shi bai iya riƙe littafi ba, yatsunsa sun yi kauri. Na ce dama ban yi niyyar ba shi ba. Muka shirya: shi a gaba, duk kuka ɗaya ya ɗaga yatsa, ni in ja layi. Tafiyarsa ta yi sauri, sau biyu ina jan rigarsa. Kuma yana ɗaga kai yana leƙe-leƙe, abin da Aksel ba zai taɓa yarda da shi ba. Zai koya.

Ashirin da uku. A gurbin sunan mai ƙidaya na rubuta nasa. Ya leƙo ya duba ko na rubuta daidai.

Kusa da ƙarshen hanya, wurin da babu tsakuwar nan, ya tsaya da yatsa a sama ya ƙi saukewa. Na ce nawa. Ya ce ɗaya ne, na riga na sa shi, amma yana daidai saman kaina, ya ƙi yin shiru.

Na ce, "Yaya yake yi?"

Ni da na koya wa rabin gaɓar nan kukan.

Ya tattara leɓe ya yi fito ta giɓin haƙoransa, wani abu mai kauri kamar tsohuwar ƙofa. Ko kusa bai yi kama ba.

Na ce ya sake yi.